Dattijon Mai Gyaran Rediyo da Ya Tayar da Kalkuletar Mahaifina

A cikin kayan da marigayi mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, akwai wani akwatin ƙarfe da ya shafe shekaru a ƙarƙashin gado ba wanda ya waiwaye shi, sai bana da muka tashi yi wa ɗakin kwaskwarima. Da aka buɗe sai ga littattafan ciniki na zamanin da yake harkar fata da ƙiraga, ga kuma kalkuleta guda uku a naɗe cikin wani tsohon rawani. Babbar cikinsu ta tebur ce, mai amfani da wutar lantarki, wadda lambobinta ke fitowa kore shar a cikin gilashi, kuma ita ce na taso ina ganinta a gabansa duk yammacin da dillalai suka kawo fatun jan akuya. Ta biyu ta aljihu ce mai jajayen lambobi ƙanana, ta ukun kuma siririya ce irin wadda lambobinta baƙaƙe ne a kan farin allo. Babu ɗaya da ke aiki a cikinsu.

Na san cewa da kuɗi kaɗan zan sayi sabuwa a Babbar Kasuwar Sakkwato, ga kuma wadda ke cikin wayata, don haka ba buƙatar lissafi ce ta sa na shiga neman mai gyara ba. Tsohon ya sha ba mu labarin yadda canjin kuɗi na ranar 1 ga Janairun 1973 ya sauƙaƙa wa 'yan kasuwa aiki. Kafin nan fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kuma kwabo goma sha biyu, lissafin da na'ura mai ƙirga goma-goma ba ta da yadda za ta yi da shi cikin sauƙi. Da naira ta zo da kwabo ɗari, sai kalkuleta ta samu gurbi a kan teburin ɗan kasuwa, kuma aka yi dace lokacin ne farashinta ya fara karyewa a duniya, tun bayan da kamfanin Casio ya fitar da ƙaramarsa mai suna Mini a 1972. Wannan tarihin ne nake so 'ya'yana su gani yana haske a gabansu.

Masu gyaran waya uku na gwada, dukkansu suka yi murmushi suka ba ni shawarar in sayi sabuwa. Na ƙarshensu ne ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo da tsofaffin talabijin a wani lungu da ke kusa da Tsohuwar Kasuwa. Ban nemi izininsa ba kafin in yi wannan rubutu, saboda haka zan bar shi a Baba, kamar yadda yaran layin suke kiransa.

Shagon ɗan ƙarami ne, rufin kwano, kuma rediyoyin da masu su suka manta da su sun cinye fiye da rabinsa. Abin da ke kan tebur bai wuce mita mai allura ba, da wata ta zamani mai lambobi, da ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo, sai gwangwanayen madara cike da sukurori da ƙananan kayan da ya ciro daga matattun na'urori. Da na ajiye kalkuletocin, bai kai hannu ga sukundireba ba. Tambayoyi ya fara yi: yaushe rabon da su yi aiki, a ina aka ajiye su, ko ruwa ya taɓa shiga ɗakin, ko wani ya taɓa buɗe su. Da ya ɗauki mai jajayen lambobin sai ya kai ta hanci ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Malam, wagga mi kas sa mata?" Dole na amsa laifina, cewa na jona mata wata adafta da na saya a kasuwa don in ga ko za ta kama. Ya girgiza kai ya tura ta gefe, ya ce wannan sai daga baya.

Babbar ya fara da ita, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake ganin aikinsa ya cancanci a yi rubutu a kansa. Ya juya ta ya karanta farantin da ke bayanta kafin komai, don ya tabbatar da ƙarfin wutar da aka ƙera ta ta karɓa. Ya ce ya ga na'urori da yawa da aka kashe a minti ɗaya saboda rashin wannan karatun, domin tamu wutar bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan kuma 100, kuma wasu tsofaffin na'urorin suna da ɗan makunni a baya na zaɓen ƙarfin wuta wanda yaro zai iya murɗawa da wasa. Tawa an yi ta ne don irin wutarmu. Duk da haka bai jona ta kai tsaye ba. Yana da wani katako da ya kafa wa kwan fitila irin na da mai zare, ya haɗa shi a jere da soket, ta yadda duk wutar da za ta shiga na'urar sai ta ratsa kwan. Idan akwai inda wayoyi suka haɗe a ciki, kwan ne zai haska sosai ya shanye wutar, a maimakon taransifoma ta ƙone. Da ya kunna, kwan ya ɗan yi ja ya tsaya a haka, gilashin lambobin kuma ya kawo wani haske dishi-dishi yana rawa, da lambobin da ba wanda ya danna su.

Sai a lokacin ya kwance sukurorin. Ya ɗauki lokaci yana kallon fanel ɗin, wato allon da aka jera kayan cikinta a kai, da gilashinsa na ƙara girma, gaba da baya, ba tare da ya taɓa komai ba. Ya nuna mini lambobi huɗu, 7438, da aka buga a jikin babbar aisin, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, ya ce wannan na nufin mako na 38 na shekarar 1974, wato na'urar ta haura shekara hamsin. Daga nan ya nuna mini wani tabo mai sheƙi kamar azurfa a kusurwar gilashin lambobin. Wannan gilashi, in ji shi, ɗan uwan tsofaffin bawul-bawul na rediyo ne, babu iska a cikinsa, kuma muddin tabon yana sheƙi to bai sha iska ba. Da ya koma fari kamar alli, da maganar ta ƙare, domin ba a ƙera irinsa kuma ba a like shi. Ya sa yaronsa ya janyo ƙofa ɗakin ya yi duhu, sai ga wasu siraran zaruruwa a kwance a gaban lambobin sun yi ja kaɗan, alamar su ma lafiyarsu ƙalau.

Da ya gamsu da gilashin sai ya koma ɓangaren wuta, yana aunawa mataki-mataki daga fis zuwa taransifoma zuwa diyod ɗin da ke daidaita wutar. Irin wannan gilashi yana buƙatar wuta iri biyu, ƙarama ta bolt kaɗan don dumama zaruruwan, da kuma wata ta wajen bolt ashirin zuwa talatin don haska lambobin, ita kuma aisin tana da nata ƙarfin da take so a tsaye cak. Mita ta nuna wutar ta gaza abin da ya kamata, kuma tana hawa da sauka. Ya ɗora yatsa a kan babbar kwandansa, wato abin da ke tara wuta yana sa ta zama sumul, ya ce ga ɓarawon nan. A cikin irin wannan kwandansa akwai ruwan sinadari, kuma shekaru da zafi suna busar da shi, har masu ƙera ta suna ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri goma yana rage mata rabin kwananta. Wanda ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake zama a Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin waje ma ke haura digiri 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan ta bushe, wutar da ke isa ga aisin ba ta zama sumul, shi ya sa na'urar take sambatu da lambobin da ba a tambaye ta ba. Ya cire ta, ya auna ta a gabana don in gani da idona, sannan ya sa sabuwa mai jure zafin digiri 105 a madadin tsohuwar mai 85. Ƙananan kwandansa biyu da ke kusa da ita ya auna su ya bar su a wurinsu, ya ce abin da bai yi laifi ba ba a hukunta shi.

Da ya sake kunnawa, sifili ya fito kore tas a gefen dama, kamar yadda na san shi tun ina yaro. Ni har na fara godiya, shi kuwa ya ce da sauran aiki. Ya danna takwas sau goma sha biyu har gilashin ya cika, domin takwas ce kaɗai lambar da ke kunna duka sanduna bakwai da ake haɗa kowace lamba da su. Nan take aibin ya bayyana: gurbi na huɗu daga dama duhu ne gaba ɗaya. Bayanin da ya yi mini a kan wannan shi ne darasi mafi amfani da na kwaso daga shagon. Lambobin ba a tare suke kunnuwa ba, aisin tana kunna su ne ɗaya bayan ɗaya da saurin da ido ba ya iya kamawa. Saboda haka akwai layukan da ke kula da sanduna, waɗanda duk gurabun suka yi tarayya a kansu, akwai kuma layi guda na kowane gurbi. Idan sanda ɗaya ce ta ɓace a duk lambobin, to layin sandar za a bi. Idan gurbi guda ne ya mutu ɗungurungum alhali sauran lafiya, to nasa layin ne ya yanke. Ya ƙara da cewa a yawancin waɗannan na'urori layukan gurabun ne kuma ake amfani da su wajen gane maɓallin da aka danna, don haka idan gurbi ya mutu tare da wasu maɓallai, laifin yana can kusa da aisin, idan kuwa maɓallai na aiki to yana kusa da gilashin. Ya gwada, duk maɓallan sun amsa. Ya kai gilashinsa kan ƙafafun gilashin lambobin, ya ƙirga zuwa ta gurbi na huɗu, sai ga dalmar da ke riƙe da ita ta tsage zagaye kamar gashi. Ɗigo ɗaya na sabuwar dalma ya dawo da lambar.

Abin da ya rage shi ne maɓallin bakwai da ke fitar da bakwai biyu ko uku a dannawa ɗaya. Ƙurar hunturu ta shekaru ce ta taru a ƙarƙashinsa ta haɗu da maiƙon hannu. Ya wanke wuraren haɗuwar da sifirit da auduga, ya hana yaronsa kankarewa da reza, domin akwai wani siririn shafe a kansu wanda idan aka kankare shi tsatsa za ta samu hanya. Gwajinsa na ƙarshe ya ba ni sha'awa: ya buga 12345679 ya ninka sau 8, amsa ta fito 98765432, ya sake ninka lambar farko sau 9, sai ga ɗaya guda tara a jere. Da wannan ya gwada kusan duk maɓallan lambobi da lissafin aisin a lokaci guda.

Labarin mai jajayen lambobin bai yi daɗi haka ba. Da ya buɗe ta, sai ga batura uku masu caji irin na nikel da kadmiyom, kowane bolt 1.2, sun yi aman wani farin gari da ya bi wayoyi har ya hau fanel. Ya ce in kalle shi kamar kanwa, domin ɗabi'arsu ɗaya, kuma duk matar da ke girki ta san abin da ke kashe kaifin kanwa tsami ne. Ya matsa lemun tsami a murfin kwalba, ya shafa da tsohon buroshin haƙori, garin ya yi ta kumfa, sannan ya bi da sifirit ya ajiye ta ta bushe. Layuka biyu na tagulla da garin ya cinye ya maye gurbinsu da siririyar waya. Kafin ya taɓa aisin sai da ya dafa ƙarfen ƙofa, ya ce a busasshiyar iska irin ta hunturu, wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda ke sa riga ƙara idan ana tuɓe ta, ta isa ta kashe tsohuwar aisi.

Duk wannan wahalar ba ta tayar da ita ba. Da ya ba ta wuta daidai ƙarfinta, aisin ta ɗauki zafi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma babu ko lamba ɗaya da ta fito. Adaftar da na jona ce ta yi ɓarnar. Ya nuna mini cewa tsakiyar bakin adaftata tana ba da wutar ƙari ne, alhali na'urar tana jiran ta ragi a wurin, kamar yadda kayan Japan da yawa na wancan zamani suke. Ko da ma an dace da wannan, in ji shi, a wasu ƙananan kalkuletocin baturan ne ke danne ƙarfin cajar, don haka jona caja a kan matattun batura kamar sakin ruwan dam ne a kan fadama. Na tambaye shi ko za a samu wata aisin a Kano ko Legas. Ya ce, "Ɗana, kada in ci kuɗinka a banza. Wannan an yi ta ne don wannan na'urar kaɗai, kuma an daina yin ta tun kafin a haifi yaron nan. Sai dai in Allah Ya kawo irinta da ta mutu ta wani wajen, mu cire." Bai karɓi ko kwabo a kanta ba, duk da cewa ta ci masa kusan wuni guda.

Ta ukun ba ta ɗauki rabin sa'a ba. Irin allonta yana haɗuwa da fanel ne ta wata 'yar roba mai zane-zane baƙi da fari, kuma datti da sassautawar sukurori ne suka sa rabin sandunan suka ɓace. Ya goge robar, ya ɗaure sukurorin daidai, ya sa sabon batir, lambobi suka dawo. Wani baƙin tabo da ya malala a kusurwar allon kuwa ya ce zafin rana ne ya yi shi, kuma ba shi da magani.

Ba zan ɓoye abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Na farko jinkiri. Aikin da na lissafa bai wuce na kwana biyu ba ya kai mako uku, kuma sau biyu ina zuwa daga Arkilla in tarar da shagon a kulle, wayarsa kuma a kashe. Wani ɓangaren jinkirin na rashin wuta ne, domin ba shi da janareta, kuma ya ƙi amfani da ƙarfen da ake ɗorawa a kan gawayi a irin wannan aiki mai laushi, abin da na yaba masa, amma da ya gaya mini tun farko da ban yi ta zarya ba. Na biyu, ba ya ba da rasit ko wata shaida, sai dai ya rubuta sunanka a guntun takarda ya liƙa a jikin kayan, kuma ganin tarin rediyoyin da ke bayansa ya sa na kwana ina tunanin ko tawa ma za ta shiga sahunsu. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, wani ɗan haƙorin roba da ke riƙe murfin babbar ya karye wajen buɗewa, ya liƙe shi da gam ba tare da ya faɗa mini ba, sai a gida na lura. Na san robar da ta shekara hamsin ta zama kamar busasshen ƙashi, kuma ko wa ya buɗe tana iya karyewa, sai dai mutumin da ya gaya mini gaskiya a kan aisin da ta mutu bai kamata ya yi shiru a kan wannan ba. Da na yi masa magana ya amsa, ya ba ni haƙuri. Shagon kuma ƙura ta yi masa yawa ga mai buɗe irin waɗannan na'urori, ko da yake yana rufe abin da yake aiki a kai da ƙyalle duk lokacin da ya tashi sallah.

Ta fuskar kuɗi ba ni da ƙorafi. Abin da ya karɓa a kan guda biyun da suka tashi, har da kuɗin kwandansa da batir, bai kai abin da ake biya a canza gilashin wayar hannu mai matsakaicin daraja ba, kuma ya miƙo mini tsohuwar kwandansar a leda ba tare da na tambaya ba.

Wanda ke da irin wannan na'ura a gida, ko ta tebur mai buga rasit a takarda ko ta ɗalibai ta shekarun 1980, zan ce ya kai wa Baba ko wani irinsa daga cikin tsofaffin masu gyaran rediyo, domin su ne suka saba da fanel mai manyan ƙafafu da taransifoma, kuma su ne suka koyi aunawa kafin cirewa. Ya tafi da haƙurinsa, ya ɗauki hoton kayansa kafin ya bar su, ya kuma roƙi a sanar da shi duk abin da ya karye. Kafin ya kai, ya cire tsofaffin batura idan suna ciruwa, kuma kada ya jona kowace adafta don gwaji, ko da bakinta ya shiga daidai.

Babbar yanzu tana kan teburina, na ɗinka mata riga saboda ƙura, kuma bisa shawarar Baba ina kunna ta na ɗan lokaci duk mako biyu, domin dogon zama ba aiki ma yana lalata kwandansa. Ranar da na kawo ta gida na ɗauko ɗaya daga cikin littattafan cinikin tsohon, na sa babban ɗana ya riƙa karanto mini kuɗin fatun wani shafi na 1976 ina bugawa, jimlar ta fito daidai da wadda ya rubuta da hannunsa a ƙasan shafin. Mai jajayen lambobin kuwa tana can a shagon, a cikin gwangwanin madara da sunana a jiki, tana jiran ranar da wani zai kawo 'yar uwarta.